Kaka ta Farko Babu Kawu Bukar

Kawu Bukar bai taɓa tuƙa keke da takalmi a ƙafarsa ba. Ku da kuka yi zagayen kaka da shi kun sani. Da mun bar Birni zai tsaya, ya cire takalman, ya kaɗe su, ya rataye a ƙahon keke, sannan ya hau. In an yi magana sai ya ce ai keken ne ke tafiya, don me takalmi zai sha wahalar?

Wan mahaifiyata ne, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta. Tun da ya yi antire ya ajiye aiki babu abin da yake jira a shekara kamar tafiyar nan tamu ta bayan girbi, daga Damagaram mu bi ta Mirya da Zarmu har Damagaram Takaya, mu kwana a garin da rana ta faɗa mana, bayan 'yan kwanaki mu dawo gida. Mu 'yan ƙungiyar masu keke muna fita da kaske, wato hular kwano, da matsattsun kaya da kekuna masu canjin gudu. Shi kuwa babbar riga yake sawa, ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ya hau baƙin kekensa wanda ya girme ni.

Tayar baya ta wannan keken liƙi ce a kan liƙi, har ba ka gane asalin robar. Wata shekara muka gaji da tsayawa, muka sayo masa sabuwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mana albarka har ya gangara kan jikokin da ba mu haifa ba. Sai ya ɗaure ta a bayan keke, ya ci gaba da tsohuwar. Da ta sake fashewa kusa da Mirya na ce, "Kawu, ga sabuwa fa a bayanka."

Ya harare ni ya ce, "Sabuwar taya a kan wannan ƙayar? Laminu, ba ka da tausayi."

Haka ta yi zagayen duka a ɗaure. Tana nan rataye a ɗakinsa, da takardarta.

Ba ya kuma wuce mutum a gona. A ganinsa yin sallama daga kan keke rashin kunya ne, dole ya sauka. Ran nan a hanyar Zarmu muka waiga ba mu gan shi ba. Muka jira a inuwar gawo har rana ta take, sannan hankalinmu ya tashi, muka koma nema. Can muka hango shi a tsakiyar wata gonar gyaɗa, zaune cikin mata yana taya su tsinka, yana ba su labarin yadda ya taɓa faɗawa rami da keke. Isufu, shugaban ƙungiyarmu, ya fara faɗa, wai an ɓata mana yini guda. Kawu ya bari sai da ya gama, ya miƙa masa gyaɗa cike da hula ya ce, "Takayar za ta tashi ne ta bar wurinta?"

Amma inda ya fi so a duk hanyar shi ne rugar Jauro, wani dattijon Bafillace da ke zaune gab da Takaya. Kawu Babarbare ne, kun san wasan da ke tsakani. Tun daga nesa suke fara zagin juna, wannan ya ce ga ɓarawon shanu, wancan ya ce ga mayunwacin birni ya zo kwaɗayi. Matar Jauro ta kawo fura da nono, Kawu ya rantse ba zai sha ba, wai nonon Fulani rabinsa ruwa ne. Sai ya kafa kai ya shanye ƙwaryar tas, ya goge baki ya ce ya sha ne kawai don kada ta cuci wani.

Bara likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ya bar hawa keke. Innata ta sa aka cire sarƙar keken aka ɓoye. Ranar tafiya muka same shi a bakin hanya yana jiranmu, ya samo wata sarƙar a wurin mai gyara. Ban iya ce masa ya koma ba.

Cikin rairayin da ke bayan Zarmu numfashinsa ya soma sarƙewa. Yana tura keken, yana tsayawa, leɓɓansa sun bushe. Muka tare wani mai amalanken shanu da ya ɗauko dammunan gero, muka roƙi Kawu ya hau. Ya ce shi ba buhu ba ne. Can dai ya yarda a ɗora keken, tunda keken ya gaji, shi kuma zai zauna kusa ya riƙe kada ya faɗi. Muka yi dariya don ya ji daɗi. Na bi bayan amalanken ina kallonsa, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a ƙirji, yana duban gonaki kamar mai son ya haddace su. Da muka isa ruga, furar ma kurɓa biyu ya yi ya ajiye.

Cikin damina ya rasu, a gida, bayan sallar la'asar.

Bana muka fita ba shi. Mun yi sauri, ba wanda ya tsayar da mu, kuma ba wanda ya yi murna da hakan. Jauro ya tafi arewa da shanu tun farkon ruwa, labari bai same shi ba. Ya fito bakin hanya ya tarye mu, amma ba mu yake kallo ba, bayanmu yake leƙe. Na sauka na gaishe shi, na faɗa masa.

Ya ce, "A'a, yana baya dai. Na san halinsa."

Ya daɗe tsaye, dogare da sandarsa, yana duban hanya. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Daga bisani ya zauna a ƙasa, ya tambaye ni ko ya sha wahala. Na ce bai sha ba. Ya gyaɗa kai, ya ja bakin rawaninsa ya share ido.

Ya ce, "To ni yanzu wa zai zage ni?"

Nan a bakin hanya ya ɗaga hannu, muka ɗaga tare da shi. Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Ya ba Jauro haƙuri, mu ma ya ba mu.