Ƙasar Badala

Jiya wani mai jakuna ya tsaya a filina na Tarauni da mangalar jar ƙasa. Ina damƙa na gane daga badala, tsohuwar ganuwar birni, ya haƙo ta. Nan take marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama ya tasa ni gaba daga Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙasa, wai sai na san garina. Muka hau Dala, muka shaƙi warin baba a marinar Ƙofar Mata. A dawowa ƙafata ta yi bororo, na hango giɓi a badala, na nufe shi.

Ya cafke wuyan rigata. "Kai, da gemunka za ka bi giɓi kamar akuya? Mutum ta ƙofa yake fita."

Muka zagaya ina ƙunƙuni.

Yanzu damina ta ƙarato, ginina bai kai rabi ba, iyalina na raɓe a gidan surukai. Mai jakuna ya ce, "Malam, kowa fa da ita yake gini."

Na ce, "Kowan banza. Juya jakunanka."

Ko ruwa zai dake mu, ba zan kwana cikin ganuwar sata ba. Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, ni kuma ya hore mini ƙasar halal kafin ruwan fari.