Kawu Sule da Sunan Tsamiyar Maƙera

Ina kasuwar Baure ana yi wa motata lodin gero aka bugo mini waya cewa Kawu Sule Maƙeri ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar direba da kayan, na kamo hanyar gida.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. A bakin zuga-zuginsa na koyi cewa namiji guminsa yake ci. Abin da na mallaka yau ba wanda ya ba ni, amma zuciyar nema a wurinsa na samo ta.

Sunan garinmu Tsamiyar Maƙera. Kakannin Kawu ne suka taso daga Daura suka kafa maƙera a gindin wata tsamiya, jama'a ta taru a kansu. Duk jaririn da aka raɗa wa suna sai an kai shi gindinta, Kawu ya buga masaba, ya faɗa masa sunan garinsu a kunne. Turawa sun rubuta Samia, masu haraji suka rubuta Tsamia Makerra, shi dai dariya yake yi. Yakan ce, "Kowa ya rubuta yadda hannunsa ya iya, ba dai wanda ya goge."

Sai ga mai gogewa ya zo. Wani ɗan garin da ya samu kujera, wanda Kawu da bakinsa ya faɗa wa sunan a kunne, ya ga ƙira abin kunya ce. Ya sa aka sare tsamiyar aka gina shaguna, aka kafa allo da sunan ubansa a madadin sunan garin. Kawu ya dogara sanda har ƙofar gidan mutumin, aka bar shi tsaye a rana, 'yan korensa suna cewa tsoho ya rikice. Tun ranar bai sake hura wuta ba.

Mutumin nan ya zo zaman makoki cikin babbar riga, ya miƙo mini hannu. "Alhaji, ya haƙuri?" Na bar hannun a iska, kowa yana gani.

Ban yafe ba. Motocina suna wurin mai fenti, za a rubuta Tsamiyar Maƙera a goshin kowace, su riƙa bi ta gaban shagunansa safe da yamma. Na kuma dasa tsamiya a filina da ke kallon ƙofarsa, masabar Kawu tana hannuna.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa kabarinsa ya fi inuwar da aka sare masa sanyi. Ya ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yanta haƙuri. Wanda ya tsayar da shi a rana kuwa, Allah Ya ja kwanansa, Ya bar masa idanunsa ya yi ta karantawa.