Hasan da Husaini da Gambon Kawu Usta

Duk kun san Kawu Haruna, da ake ce wa Usta don gwanintarsa a aikin ƙarfe, ba ya barin haƙoran injinsa su kwana a shago. Injin feƙe ƙarfen nan nake nufi, mai haƙora uku masu taurin tsiya da ke damƙe aiki yana juyawa. Da la'asar zai kwance su, ya shafe da mai, ya naɗe a tsohon rawani, sai ƙarƙashin gado. Har suna ya raɗa musu, Hasan da Husaini da Gambo, don a jere suke shiga, kowa da gurbinsa.

Wani makanike ya taɓa tasowa tun daga garin Damazin neman aronsu. Kawu ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ina ka taɓa jin an ari haƙori? Tahi ka tauna da naka!"

Alhali nasa na baki sun kusa ƙarewa! Inna, matarsa, ta yi ta fama ya je a sa masa na roba. Ya ce, "Asida nika ci, tuwo mai laushi, ba ƙarhe ba. Waɗanga su ka ciyar da gida."

Ni kam bara na ɗanɗana taurin kansa. Sandar injin ban ruwana ta cinye, albasata a bakin kogi ta fara langaɓewa, ita ce kuwa abincin gidana na shekara. Na kai masa sandar a guje. Ya jujjuya ta, ya ce sai na samo gwangwanin tumatir.

"Kawu, albasa na mutuwa!"

"Gambo cizo garai. In ya yi ma sandag ga tabo, yoyo za ta yi. Tahi!"

Na zagaye gari ina bin bola, ƙarshe Inna ta juye nata a kwano ta miƙo mini. Kawu ya yanka gwangwanin gida uku, ya yi wa kowane haƙori riga, sannan ya ɗaure sandar. Yana aiki yana tari yana dafa bango. Na ce ya huta, ya ce in yi masa shiru. Sandar ta fito sumul, ruwa ya koma gona.

Bai ga girbin ba. Ranar sadakar bakwai, albasar nan aka soya kuka ci. Ni na yanka ta, duk wanda ya dube ni sai in ce ita ce ke sa ni hawaye.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa riƙon da ba ya barin tabo, ya sa Aljanna ce makomarsa.