Shayin Gwaggo Ya Sha Albasa

Gwaggona tela ce, kuma duk layin babu wanda bai taɓa shan faɗanta ba. Ɗakinta yana saman shagonta. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai da keken ɗinkinta, kuma ba ta taɓa ce wa kowa kaɗaici ya dame ta ba.

Wata mai kawo mata ɗinki ce ta fara yi mata tsarabar shayin nan: dunƙule-dunƙule kamar ƙwan tattabara, ganyen shayi ne aka naɗe a kan furen yasmin. Gwaggo ba ta dafa na farkon ba. Almakashi ta sa ta farke shi, ta ga zare a ciki, an ɗaure ganyen ɗaya bayan ɗaya da hannu. "Wannan tela ce ta yi shi," in ji ta, "kuma ba ta ha'inci." Daga ranar ba ta ƙara rabuwa da shi ba.

A gwangwani mai murfi take adana shi, can ƙasan kabad bayan zannuwan gado, inda babu rana, babu danshi, babu turare. Takan ce ganyen shayi magulmaci ne, duk warin da ya ji sai ya kwasa. In za ta dafa, sai ruwa ya tafasa ta sauke ya ɗan huce, ta zuba a butar gilashi, ta jefa dunƙule ɗaya. Daga nan ba ta ƙara magana, kuma ba ta amsa ta kowa, sai ganyen ya warware furen ya taso. Ta ce girmama aikin mai ɗinkin ne. Ni ban yarda ba. Gwaggo ta daɗe da gane cewa mutane ba sa jure shiru, duk wanda ya zo da magana a ciki sai ya amayar da ita kafin furen ya buɗe.

Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya matsa sai ta rufe shago ta koma gidansa. Yana cewa tausayi ne. Tausayin da sai wata ya shuɗe bai hau matakalar nan ba! Gaskiyar ita ce abokan aikinsa sun fara tambaya, ya za a yi mai gida irin nasa ya bar uwarsa tana taka keke. Ba uwar yake so a gidan ba, so yake a gan ta a gidan.

Da ta zame a matakala aka kwantar da ita asibiti, sai ya samu ƙofa. Ranar da aka sallame ta ni na rako ta gida, muka tarar da shi da matarsa sun hakimce a ɗakin, an share ko'ina, an sauya wa komai wuri. Gwaggo ta nufi kabad tana ɗingishi, ta ciro gwangwanin. Babu komai a ciki. A kicin na samo shayin, an juye shi a buɗaɗɗiyar tasar gilashi a kan kantar da ke saman murhu, kusa da kwandon albasa.

"Wa ya taɓa min kaya?" in ji Gwaggo da na nuna mata tasar.

"Umma, can muka tarar da su," in ji Injiniya da muryar nan ta lallashin yara. "Ke kika zuba kafin ki faɗi. Kin manta ne."

"Ni? Ni zan kai shayi gindin albasa?"

"To kin gani? Abin da nake faɗa ke nan. Yau shayi ne, gobe murhu za ki bari a kunne. Ya za a yi hankalina ya kwanta?"

Na kalli Gwaggo ina jiran ta wanke shi tas. Ba ta yi ba. Ta zuba wa tasar ido, leɓenta yana motsi, kamar tana lalubo ranar a cikin kanta. Abin da ba zan taɓa yafe masa ba ke nan. Matar da ke yanka riga ba tare da ta sake awo ba, ya sa ta tsaya tana tambayar kanta ko ta fara ruɗewa.

Can ta ce, "Ɗora min ruwa."

Ta jefa dunƙule a buta, ta ja bakinta ta tsuke. Injiniya ya shiga lissafa mata ɗakin da ya gyara mata a gidansa, da banɗaki a ciki, da mai aiki. Ko kallonsa ba ta yi ba. Surukarta ta kafa wa ido. Ganyen ya fara saki da ƙyar, ruwan ya yi duhu-duhu, wani warin soye-soye ya taso maimakon ƙamshi. Matar ta gyara zama, ta duba wayarta, ta ajiye, ta sake gyara mayafi.

"Wallahi Umma ni dai don su yi kyau ne," ta ce. "Abu mai kyau haka a ɓoye a ƙarƙashin zannuwa..."

"Ke!" in ji mijin.

Gwaggo ta jira furen ya gama buɗewa, ya fito a yamutse, ja-ja kamar tsohon tsumma. Sannan ta juya.

"'Yar nan, ke shirme kika yi, shirme kuma ana yafewa. Amma kai, Injiniya, kana nan aka juye shi ko ba ka nan?"

"Umma, ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce maganar. Ka kalli idona ka ce min ni na yi, alhali ka san ba ni ba ce. Don a ce kana da kirki za ka mayar da ni mahaukaciya? Da ka ce min, Umma, ina jin kunyar a ga kina ɗinki, da na ji zafi na huce. Tashi ka ba ni wuri. Ba inda zan je."

Ya tashi yana cewa Allah ya ga zuciyarsa. Ta ce shi ya sa ya kamata ya ji tsoro.

Gwaggo tana nan a ɗakinta har yau, keke yana ƙara tun safe, masu ɗinki suna shan faɗa. 'Yan'uwa suna ta labarin yadda ta ci galaba, suna dariya. Ni dariyar ba ta zo min. Shekaranjiya na je gaishe ta, muna tsakiyar hira a shago ta dakatar da keken, ta miƙe, ta hau sama da ƙafar nan mai ciwo. Da ta sauko tana haki na ce lafiya? Ta ce murhu ta je dubawa. Na ce ai ba ki dafa komai ba yau, Gwaggo.

Ta riƙe hannuna, ta rage murya don kada mai jiran ɗinki ta ji.

"Kin tabbata?"