Furen da Na Zana a Kan Tsorona

Ko zan manta komai na sana'ata, ba zan manta ranar da likita ta koro ni gida saboda lalle ba.

Ni mai zanen lalle ce a Haɗeja, amaren unguwarmu da yawa ta hannuna suka bi. Bayan haihuwata ta biyar sai wasu siraran jijiyoyi suka fito min a ƙwauri, ja-ja da shuɗi-shuɗi, kamar saƙar gizo-gizo. Da yake fara ce ni, raɗau ake ganinsu. Gabana ya faɗi, domin da tabo a ƙafa ciwon mahaifiyata ya fara, ya ƙare da yanke ƙafar. Na ce shi ke nan, tawa ta zo.

Maimakon in nufi asibiti, sai na ɗauko baƙin lalle na bi jijiyoyin nan, na mayar da su rassa, na sa musu ganye da fure. Abin dariya, zanen ya yi farin jini. Amarya za ta zo ta ce, "Anti, irin na ƙafarki nake so." In yi murmushi in zana mata. Shekara shida ina haka, kafin ya dushe na sabunta. Ko maigidana bai sani ba.

Asirina ya tonu a daminar da kogi ya cika ya shigo mana gida. Ruwa ya tafi da kayan aikina, muka koma wurin ƙanwata a Malam Madori, zane ya goge tas. Ina alwala ta tsaya a kaina ta ce, "Yaya, mene ne wannan a ƙafarki?" Na fashe da kuka na ce, "Irin na Inna ne. Don Allah kada ki gaya wa kowa." Kafin la'asar ta gaya wa maigidana, suka tsayar da ranar kai ni asibiti a Kano.

Ana gobe tafiya tsoro ya ci ƙarfina, na aika kasuwa aka sayo lalle na sake zanawa. Wai a wautata, in likita ba ta gani ba, ba za ta ce a yanke ba. Da muka je, likitar ta juya ƙafar dama, ta juya ta hagu, ta ce, "Hajiya, zane dai ya yi kyau, amma ba shi na karanta ba. Ki je sai ya goge ki dawo." Haka muka juyo gida.

Mako uku na yi ina kallon ƙafata tsirara, abinci ma ba ya shiga. Da muka koma aka auna jinina, babu suga. Likita ta daddanna ƙafar ta ce, "Wannan ba ciwon mahaifiyarki ba ne. Ƙananan jijiyoyi ne na saman fata suka buɗe, yawan haihuwa na kawo su. In kin so a bar su, in kin so a yi musu allura."

Na ce, "Likita, ba yankewa?"

"Ba yankewa."

Sau uku na tambaye ta. Ta kawo allura siririya ta tsira a jijiya ɗaya, zafinta bai fi cizon cinnaka ba. Ina kallo reshen da na shekara shida ina bi da lalle ya dushe. Na yi ta hamdala, hawaye na zuba, ƙanwata na min dariya. Aka ba ni doguwar safa mai matsewa, na sha zufa a cikinta, na koma sau biyu, cikin 'yan watanni jijiyoyin suka ɓace, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Har yau amare na neman zanen nan, ina kuma yi musu shi daga ka. Amma duk wadda na ga tana jan zane tana rufe wani abu a jikinta, nakan ajiye lallen in ba ta labarina. Na koyi cewa abin da kake tsoro, kai shi gaban wanda ya san shi, kada ka yi masa ado. Ƙafata tana nan lafiya lau. Shekara shida na kwanciyar hankali ne na yanke wa kaina da hannuna.