Furen da na kai wa Yaya a Makarfi

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da maiɗakina da wani abokina mai mota. Kwana biyu kafin nan yayata ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba ta ce, "Auta, ka zo ka ga aikinka."

Mun karya kumallo a Zariya da waina mai zafi, ko da yake ta ƙanƙance ta koma kamar murfin kwalba, kuɗinta kuwa bai ragu ba. Daga Tashar Yari muka karya zuwa Makarfi. Rake ne hagu da dama, motocin tumatir daga wajen Ikara suna wuce mu kamar an biyo su. A gefen wata gona makwarwa biyu suka tsallaka titi, maiɗakina ta yi ta murna don rabonta da ganinsu tun tana yarinya.

Gidan Yaya yana sabuwar unguwa, inda gari yake cin gonaki. Bayan gidan akwai tsohon kududdufi da mijinta yake ban ruwan alayyahu da albasa da shi lokacin rani. Na san shi da tarwaɗa, da zalɓe a tsaye a bakin ruwa kamar mai gadi, da agwagin daji da suke sauka da yamma. Ranar nan ko ruwan ban gani ba. Ganye ne kore shar ya rufe shi, da furanni masu ruwan shuni, ka ce filin ƙwallo ne.

Ni na kawo shi. Bara waccan na tsince shi a bakin kogin Kaduna, kyansa ya ruɗe ni, na zubo a bokiti na kawo wa Yaya tsaraba. Da ya cika mata baho sai ta watsa ragowar a kududdufi. Ashe baƙon tsiro ne, ba na ƙasarmu ba, inda ya samu ruwa kuwa sai ya shaƙe komai. Kifi ya mutu, tsuntsaye suka ƙaura, injin ban ruwa kullum a toshe. Har suna 'yan unguwa suka sa masa: furen ɗan birni. Yaya ta daina zuwa biki don gudun gori, wannan ya fi komai ƙona min rai.

Mijinta, da yake akwai wasa tsakaninmu, ya miƙo min manjagara ya ce, "Malam mai fure, bismillah. Wasu suna kawo shinkafa, kai ka kawo mana aiki."

Washegari aka yi gayya. Maza suka shiga ruwa har ƙugu, har da maƙwabcinsu ɗan Kudancin Kaduna da ya zo da baro daga dawowarsa daga coci. Ni da rabona da fartanya shekara ashirin, kafin azahar hannuna ya yi bororo. Wani guza ya fito daga cikin ganyen, na watsar da manjagara na yi tudu da gudu, mata suna ta shewa. Wani dattijo ya hana a kashe shi, ya ce ya riga mu zama a unguwar. Muka jibge ciyawar nesa da ruwa don rana ta busar da ita.

Ba mu gama ba, kusan rabi muka buɗe, kuma sun ce sai an riƙa bi duk mako. Amma ana kiran la'asar zalɓe ɗaya ya sauka a inda muka share, ya tsaya yana leƙen ruwa. Yaya ta dafa kafaɗata ta ce, "To, ya yafe maka. Ni ma haka."

Mun kamo hanya da mazarƙwaila cike da leda, muka iso Kaduna da magariba. Tafiyar ta koya min in riƙa tambayar asalin abu kafin in ɗauke shi in kai wani wuri. Ina shiga gida na wuce bayan ɗaki, inda nawa bahon furen yake kusa da magudanar ruwa, na kife shi a kan siminti. Asabar mai zuwa da ni za a sake shiga kududdufin.