Ranar da Barau Wanzami Ya Ƙi Cire Belu

Shekara arba'in Barau yana wanzanci a Tudun Kaya. Aski, ƙaho, kaciya, cire belu, duk shi ake kira. Ni maƙwabcinsa ne, na san hannunsa da kyau, amma taurin kansa sai addu'a.

Da damina Malama Bahijja, ma'aikaciyar lafiya, ta zo gidansa da allurar rigakafin mashaƙo. Ya tambaye ta me ke ciki. Baiwar Allah ta gaya masa gaskiya: dafin cutar ne aka kashe masa ƙarfi, don jiki ya saba da shi ya iya kare kansa.

"Dafi?" in ji Barau. "Malama, a sauka lafiya. Ba a jikokina ba."

Sauran bayanin bai shiga kunnensa ba.

Bayan an yanke gero, jikarsa Radiya mai shekara biyar ta kwanta da zazzaɓi, ko koko ba ta iya haɗiya. Uwarta Adama, matar ɗansa, ta rungumo ta.

"Baba, belu ne. A taimaka a cire mata."

Ya danne harshen yarinyar, ya leƙa. Wata fata ce toka-toka ta manne a maƙogwaron, wuyan ya kumbura, numfashin yana fita da ƙara. Ya leƙa dubban bakuna bai taɓa ganin irin wannan ba. A gabana ya mayar da ƙarfen cire belun cikin zabira.

"Wannan ba aikina ba ne. A nemo babur."

A asibiti likita ya ce mashaƙo ne, ya tambaya ko an yi wa yarinyar rigakafi. Adama ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba a yi ba." Ba ta ce waye ya hana ba. Barau ya gaya mini da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya aka sallame su. Sai dai likita ya ja kunne cewa cutar kan taɓa zuciya ko bayan makonni, a sa ido sosai.

Yau kwana shida ke nan bai fita aski ba. Kullum da hantsi sai ya zaunar da Radiya a tabarma, ya kara kunne a ƙirjinta.

"Tsoho, gemunka yana suka ta," in ji ta, muryar a dishe.

"Yi shiru mana, amaryata. Ban gama ji ba."